Sarkin da Ya Girmi Ubansa

Shekara uku na yi ina karanta wa Baffa littafinsa, bayan yanar ido ta rufe masa gani. Ni Musulmi ne, shi Kirista, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Gwangwan wannan bai taɓa zama abin a tsaya kallo ba. Kakanmu Bamaguje ne, ya rasu a kan abin da ya tarar. 'Ya'yansa maza biyu ne suka raba hanya. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, wansa kuma, wato Baffa, ya bi masu mishan da suka taɓa buɗe ɗakin magani da ajin koyon karatu a wajenmu. Duk da haka gandu ɗaya suka noma har mahaifina ya rasu. Ran Kirsimeti mahaifina ne ke yanka wa Baffa akuya don kowa ya samu ya ci, bayan rasuwarsa kuma wuƙar ta dawo hannuna.

'Ya'yan Baffa duk sun watse. Babban yana Kaduna, matan suna gidajen aurensu nesa da mu. Inna, matarsa, ba ta iya karatu ba. Majami'arsu 'yar ƙarama ce ta ƙasa mai rufin kwano, faston kuma daga wajen Ƙaraye yake zuwa, wani watan sau biyu, wani watan sau ɗaya in hanya ta ɓaci. Ni ne ke kusa, ina koyarwa a wata firamare a Rogo Ruma, don haka duk Asabar bayan la'asar sai in hau babur in je. Da farko na yi ta ɗari-ɗari da abin. Daga baya na ce wa kaina ai zumunci ne, wan ubana ne, ba zan bar shi zaune cikin duhu ba alhali bakina na iya karatu.

Littafin tsoho ne, baƙin bango, gefen takardunsa sun yi ja don shan hannu. A cikin gafaka yake ajiye shi, irin wadda dukawa ke ɗinka wa mahaddata, kuma badukun da ke yi musu shi ya yi masa. Ba ya ɗora shi a ƙasa. Ba ya taɓa shi sai ya wanke hannu, ni ma sai na wanke nake karɓa. Wani fasto da suka taɓa yi ya ce masa ba dole ba ne duk wannan, Baffa ya saurare shi da ladabi ya ci gaba da abinsa.

Na san inda ya samo wannan ɗabi'ar. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na wani alaramma, abokinsa tun suna kiwon awaki. Alaramman da ka yake rubuta Alƙur'ani, da alƙalamin gamba da tawadar da yake dafawa da kansa, Baffa kuma ya sha zama a zaurensa da rani yana tufkar igiya yana kallo. Ya ga yadda in an gama rubutu ake kai wa wasu alarammomi su bi shi takarda bayan takarda, in an samu ɗigo ɗaya ya kauce a kankare da reza a gyara. A idon Baffa haka littafin Allah yake, kowane ne. Shekara arba'in suna tsokanar juna. Alaramma ya ce, "An taɓa naku." Baffa ya ce, "Ko ɗigo ba a taɓa ba." Sai su yi dariya su raba goro. Alaramman ya riga ya rasu kafin in fara zuwa karatu.

A shekarun nan ni kuwa kaina na hayaƙi. Ga ƙuruciya, ga waya cike da bidiyon muƙabala, inda wani zai miƙe da littafi a hannu ya yi kaca-kaca da abokin karawarsa jama'a na kabbara. Akwai wani abokin aikina a makaranta, malamin lissafi, shi ke turo mini jerin wuraren da aka ce Littafi Mai Tsarki ya saɓa wa kansa. Nakan haddace su kamar zan shiga jarrabawa. A bakina cewa nake da'awa nake yi. Yanzu da na girma zan iya faɗin gaskiya, daɗin cin nasara nake ji, kuma ga tsoho makaho a zaune yana jirana duk mako, ba inda za shi.

Na fara ne da wasa. Wata Asabar na gama karanta masa abin da ya zaɓa, sai na ce, "Baffa, in tambaye ka mana. Matan nan da suka je kabarin Almasihu da asuba, mala'ika nawa suka tarar? Wani marubucin ya ce ɗaya, wani ya ce biyu."

Ya gyara zama, har ya juyo da fuskarsa wajena kamar yana ganina.

"Malam ya zo da rigima yau," ya ce. Malam yake kirana in zai zolaye ni. "Ka taɓa zama shari'ar iyakar gona a ƙofar mai gari?"

Na ce na taɓa.

"To in shaidu huɗu suka zo, bakinsu ya zama ɗaya sak, kalma bayan kalma, me mai gari ke cewa?"

Na san amsar, amma shi ya faɗe ta.

"Cewa yake sun haɗa baki a hanya. Shaidun gaskiya, wannan zai ce wajen kukar aka tsaya, wannan ya ce wajen gambar, ga shi kuwa kukar da gambar wuri ɗaya suke. Wanda ya ga mala'ika biyu ai ya ga ɗaya. Kawo wata."

Mako na gaba na kawo maganar wanda ya ci amanar Almasihu. A wani wuri an ce rataye kansa ya yi, a wani wurin an ce faɗowa ya yi cikinsa ya fashe. Baffa ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana tufkar igiya, ni zan gaya wa igiya ba ta tsinkewa? Amsar ba ta gamsar da ni ba, na kuma faɗa masa, na ce wannan ɗinki ne kawai, ana haɗa tsumma biyu da ba launinsu ɗaya ba. Ya ce in ɗinkin ya riƙe ai riga ta samu. Muka yi ta ja har aka kira magariba.

Inna ma daɗin abin take ji. Ta ce tun da alaramma ya rasu ba ta ga mijin nata ya ware haka ba. In na zo tun daga zaure zai ɗaga murya, "Yau kuma me ka ɗauko mana?" Wasu tambayoyin yana da amsa a shirye, wasu ya ce in ba shi mako guda ya juya su a ransa. Akwai wadda ya ce kai tsaye bai sani ba, amma rashin saninsa ba laifin littafi ba ne. Haka muka ci damina guda.

Sai kaka ta zo. Ranar ana tsigar gyaɗa a tsakar gidan, Inna na zaune da tarin harawa a gabanta, mu kuma muna gindin darbejiya. Abokin aikina ya turo mini wata tambaya a daren da ya gabata ya ce wannan ba ta da magani. Na duba a littafin Baffa kafin in buɗe baki, na ga haka take.

Na ce, "Baffa, akwai wani sarki a cikin tarihin sarakunan nan. Bari in karanta maka shekarunsa ranar da ya hau gado."

Na karanta wuri na farko. Ashirin da biyu. Na juya takardu na karanta na biyu. Sarki ɗaya ne, uwa ɗaya, gari ɗaya, amma nan arba'in da biyu aka rubuta.

Ya ce, "Sake."

Na sake. Sannan na ƙara masa da abin da na ɓoye don ƙarshe. Na koma baya kaɗan na karanta masa labarin uban sarkin. Ya hau mulki yana da talatin da biyu, ya yi shekara takwas ya rasu, ɗan ya gaje shi nan take.

Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Manomi ne, lissafin dami da buhu a kansa yake, bai ɗau lokaci ba.

"Arba'in," ya ce a hankali.

"Arba'in, Baffa. Ɗan kuma arba'in da biyu. Ka ga ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu kenan."

Na fashe da dariya. Har yau ina jin sautin dariyar nan a kunnena, kuma ba na son ta. Na jira ya rama kamar yadda ya saba, bai rama ba. Ya miƙo hannu na ba shi littafin, ya ɗora tafinsa a kan shafin yana shafawa, kamar yatsa zai ji abin da ido ya kasa.

"Ɗana, ba kai ka ƙara ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce haba Baffa, ni zan yi maka ƙarya a kan littafinka? Na rantse masa. Ya ce in yi haƙuri. Sannan ya ce, "Wannan ba shaidu biyu ba ne. Wannan lissafi ne." Ya rufe littafin da kansa, ya laluba gafakar ya saka shi, ya ce mu tsaya nan yau.

Na hau babur ina jin kaina a sama. A hanya har na kira abokin aikina na ce yau tsoho ya rasa ta cewa.

Asabar ta zagayo na tarar da gafakar a rataye a ƙusa. Baffa ya ce yau ya gaji, mu yi hira kawai. Muka yi hirar farashin taki da tsutsar da ta ci wake. Mako na biyu ya ce kansa ke ciwo. Mako na uku Inna ta tare ni a zaure kafin in shiga, ta rage murya.

"Me ka karanta masa ranar nan?"

Na ce wani lissafi ne kawai, Inna.

Ta ce tun ranar bai ƙara yin waƙarsa ta safe ba, shi da kullum da ita yake tashin gidan. Lahadi biyu bai je majami'a ba, ya ce ƙafarsa ke ciwo, ƙafar kuwa lafiyarta ƙalau, don ta gan shi ya laluba har bakin rumbu. Tuwo sai ya ci loma uku ya ture. Ya kuma sa an kira masa wata matar maƙwabta da ta yi sakandare, ta karanta masa wuraren nan biyu, don ya tabbata. Da matar ta gama sai ya yi mata godiya ya juya fuskarsa bango.

Da na gaya wa abokin aikina sai ya yi kabbara. Ya ce ƙofa ce ta buɗe, in yi maza in biya masa kalmar shahada kafin a toshe masa kunne. Ni ma na so hakan, wane Musulmi ne ba zai so wa wan ubansa ba? Na je na zauna kusa da Baffa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito da maganar. Na ce ga littafin da aka tsare, ga hanyar da ƙaninsa ya bi ya rasu a kanta.

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi.

"Na san alheri kake nufi," ya ce. "Amma ka duba. Na hannuna shekara hamsin ina riƙe da shi, da idona biyu na karanta shi, ban ga wannan ba sai da ka nuna mini. Yanzu in karɓi wani da ban taɓa karantawa ba, a kan maganar mutum? Da me zan duba shi? Ido babu, shekarun dubawa ma babu."

Ranar na gane abin da na yi. Ban musuluntar da shi ba. Na dai ƙwace abin da ke hannunsa na bar hannun haka nan.

Abin da na yi bayan wannan, in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ni da na kwashe wata da watanni ina tara hujjar rushe littafin nan, sai ga ni ran wata Talata bayan an tashi makaranta na kama hanyar Ƙaraye, ina neman wanda zai kare shi. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan faston. Na tsaya a ƙofa da hulata da gemuna, na yi sallama, ina addu'ar kada wani da ya san ni ya wuce.

Faston bai fi sa'ana ba, ya yi makarantar horon fastoci, mutum ne mai sanyin magana. Ya ba ni kujera, matarsa ta kawo ruwa. Na zayyana masa komai, ban rage laifina ba. Na zaci zai girgiza, ko motsi bai yi ba.

"Wannan ai sananne ne," ya ce. "A aji ma an koya mana shi. Kuskuren mai kwafi ne."

Ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce ɗaruruwan shekaru da hannu ake kwafar littattafan nan kafin a samu injin buga takarda, adadi kuma shi ya fi sauƙin zamewa a hannun mai rubutu. Akwai tsofaffin kwafi a wasu harsuna da suka ce ashirin da biyu a duka wuraren, shi ya sa masana suka san wanne ne daidai. Ya ce su ba su ɓoye wannan ba, kuma bangaskiyarsu ba a kan shekarun wani sarki take tsaye ba. Na ce to in adadi ya zame, me zai hana wata magana mai nauyi ta zame? Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma amsarsu ita ce yawan kwafin da ke akwai shi ke tona inda aka zame. Ban gamsu ba, amma ba don in gamsu na zo ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da sabon bugu, ya buɗe mini. Ashirin da biyu a nan, ashirin da biyu a can, da ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan shafin yana bayani. Ya ce in tafi da shi in karanta wa tsohon. Da zan tashi ya ce, "Malam, ka samu tsoho ka yi ta gwada ƙarfinka a kansa." Murmushi yake yi da ya faɗa, ni dai na kasa ɗaga kai.

Na dawo da littafin ɗaure a bayan babur kamar wanda ya samo magani. Ban jira Asabar ba, washegari na je. Na ce Baffa, an warware, kawo kunnenka. Na karanta masa wuraren biyu a sabon bugun.

"Wannan wane littafi ne?"

Na ce irin nasa ne, sabon bugu, daga hannun fasto.

"To wa ya gyara?"

Na ce masana ne, sun gano mai kwafi ne ya yi kuskure tun da daɗewa. Na maimaita masa duk abin da faston ya faɗa, har ina ƙara gishiri, ni da bakina ina kare abin da ban yarda da shi ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Alaramma in ya gama rubutu, mutum nawa ke bi masa?"

Na ce da yawa.

"Su waɗannan masu kwafin, ba wanda ya bi musu? Shekara ɗari nawa, ba wanda ya ɗauki reza?" Bai jira amsata ba. "Wato mutumin nan gaskiya yake faɗa mini. Shekara arba'in yana cewa an taɓa, ina cewa ko ɗigo. Da bakina. Na faɗa a zaurensa, na faɗa a kasuwa, na faɗa wa 'ya'yana. Ga shi yanzu kai da kanka ka kawo mini wanda aka taɓa jiya-jiya."

Na zo in ɗinke, na ƙara yagawa. Faston ya san littattafai, amma bai taɓa zama a zauren alaramma ba, ni kuwa na san zauren, na san abin da kalmar gyara ke nufi a kunnen Baffa, kuma duk da haka ban yi tunani ba sai da magana ta fita.

Faston ya zo da kansa ran Lahadi, ya kyauta. Suka zauna tun bayan sujadarsu har rana ta karkata. Ina gefe ina ji. Ya ce wa Baffa saƙon ne Allah ya tsare, ba kowane ɗigon tawada ba, kuma ba a taɓa koya musu cewa hannun masu kwafi ba ya kuskure ba. Baffa ya ce, "Haka ne, Fasto. Na gode, Fasto." Duk abin da aka faɗa, haka ne, na gode. Na san wannan ladabin nasa, shi yake yi wa malaman gona in sun zo koya masa shuka. Da na raka faston bakin hanya ya ce mini tsohon ya gina imaninsa a kan abin da ba su suka ba shi ba, a wajen maƙwabta ya aro. Ya ce zai ci gaba da yi masa addu'a.

Inna ce kaɗai abin bai taɓa ba. Wata rana tana tankaɗe, ta gaji da shirun gidan, ta ce da ƙarfi don ya ji, "Ni ban san ashirin ba, ban san arba'in ba. 'Ya'ya uku na binne, da waƙoƙin nan na miƙe. Wani sarki can da ya mutu tun zamanin da, ina ruwana da shekarunsa?" Baffa ya ce, "Ke kin huta." Ba da gatse ya faɗa ba, sha'awarta yake yi.

Labari ya kai Kaduna. Yayana, babban ɗan Baffa, ya kira ni ya wanke ni tas. Ya ce an ba ni amanar tsoho na ci, ya ce dama abin da nake zuwa yi kenan, kada in sake taka musu gida. Ban musa ba. Amma shi bai zo ba, aiki ya riƙe shi, kuma in ban je ba babu mai kai Baffa asibitin Rogo, babu mai ɗiga masa magani a ido. Na ci gaba da zuwa. Ina kai masa goro, in yanke masa farce, mu yi hirar gona. Gafakar na nan a ƙusa, gizo-gizo har ya fara saƙa tsakaninta da bango, Inna ta sa tsintsiya ta share.

Abokin aikina ya ƙara turo mini jeri, na ce ya daina. Ya ce na yi sanyi, gaskiya ai ɗaci gare ta, kuma ba laifina ba ne in littafin mutane bai jure tambaya ba. Wataƙila yana da hujja. Ni dai ba littafi nake gani ba in na je, tsoho nake gani yana ramewa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. In na idar na ɗaga hannu zan yi wa Baffa addu'a sai harshena ya ɗaure. In ce Allah ya mayar masa da imaninsa na da? Ba zan iya ba, ni Musulmi ne. In ce Allah ya shirye shi, ina faɗa, amma na san abin da zuciyata ke roƙo a ƙarƙashi bai kai haka girma ba. So nake kawai ya ci tuwonsa ya cinye, ya tashi gidan da waƙa in ji haushin muryarsa kamar da. Sau da yawa haka nake shafa hannu ban roƙi komai ba.

Damina ta dawo, ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, asibiti suka ba da magani suka ce a koma gida a kula da shi. Kwana tara kafin rasuwarsa na je da yamma, an ɗauke ruwa, Inna ta jingina shi da bango a ƙofar ɗaki don ya sha iska. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Can sai ya ce, "Sauko mini da shi."

Murna ta kama ni. Na je na wanke hannu, na sauko da gafakar. Na ce wane wuri? Ya ce wurin makiyayin nan, inda ake bi da tumaki bakin ruwa. Na san wurin, na sha karanta masa. Inna ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Na fara karantawa a hankali. Na yi layi biyu, ina cikin na uku, sai na ji hannunsa ya kama wuyan hannuna.

"Tsaya. Wannan ka duba shi?"

Na ce duba me, Baffa?

"Babu wani wurin da aka faɗe shi daban?"

Na ce babu.

"Ka duba da kyau? Kai ne ka iya nemo su. In akwai kada ka ɓoye mini don ka ga ina kwance."

Ban duba ba. Ban san ma ta inda ake duba irin wannan ba. Na ce na duba, Baffa, daga farko har ƙarshe, babu.

Ya daɗe riƙe da hannuna, sannan ya saki. Ya ce, "To, ci gaba."

Na ci gaba. Na karanta har ƙarshen wurin, na shiga na gaba ba tare da ya ce ba, don ina tsoron in yi shiru. Shi kuwa ya karkato da kunnensa wajena, bakinsa a rufe, yana jiran inda zan tsaya in ce masa amma a wani wurin ba haka aka rubuta ba.